Ba Duba Kake Yi Ba, Baba Kura

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Talata, 6 ga Mayu, 2025, ina cikin aji aka aiko a kira ni. Kafin in ƙarasa gida har an yi maka wanka, Baba Kura. Ka rasu a ɗakinka nan Kazaure kana da shekara saba'in da tara, ka bar Hajja Kaka da 'ya'ya shida da mu jikoki.

Ni ce Bilqis, jikarka da kake kira uwargida mai rowar magana. Ka san bakina ba ya buɗuwa a gaban manya. Na ɗauki biro ne domin akwai maganar da ake yi a kanka, wadda ba zan bari ta manne wa sunanka ba. Wai duba kake yi.

Wanda bai san ka ba, ya saurara. Shekara arba'in ka yi kana gyaran agogo a bakin kasuwa. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinka ya shanye, hannunka na dama ya kama rawa, ko cokali ba ka iya kai wa baki. Likita ya ce ka riƙa motsa yatsu. Sai ka jawo tsohon gwangwanin madara da ka tara sulalla a ciki: kwabo mai huji, da naira ɗaya da naira biyu waɗanda ko mai ƙosai ba ta karɓa, da sefa da abokanka ke kawo maka daga kasuwar Babura. Ranar farko huɗu ka ɗora, suka zube. Bayan shekara guda kana gina hasumiya mai tsawon kamu, kana tsayar da kwabo a kan gefensa, wani ma a kan wani, kana haɗa gada tsakanin kofi biyu ba tare da komai ya tokare ta ba.

Aikin ba ya son iska. Shi ya sa kake tura ƙofa, ka kashe fanka duk tsananin zafi, ka jira Adaidaita ta wuce kafin ka saki yatsa, leɓɓanka na motsi da salati. Masu leƙe ta taga suka ga tsoho shiru a gaban kuɗi yana motsa baki, suka kai labari gari. Har wata mata ta zo daga Gwiwa da zakara a hammata, wai ka duba mata inda akuyarta ta shiga. Ka ce, "Baiwar Allah, ni da takalmina ma sai an nemo mini." Ka sa aka ba ta fura, ka ce ta koma da zakaranta, ta bar bin masu duba. Ka yi dariya ranar. Ni ban yi ba.

Ni kaɗai kake bari in zauna, don ka ce ko ƙuda ya fi ni hayaniya. Kai ka koya mini a sa mai nauyi a ƙasa, kuma kada a riƙe numfashi, a sake shi a hankali. In gini ya rushe sai ka ce, "Madalla, yatsu sun samu aikin gobe." Da hannun nan ka koma cin tuwonka da kanka.

Ranar sadakar uku, mata sun cika tsakar gida, Gwaggo Saude, 'yar ƙaninka da ke aure a Roni, ta fito da gwangwanin a bakin zani kamar ta ɗauko mushe. Ta ce, "Hajja, a kai abin nan dam ɗin gari a zubar. A rufa wa mamaci asiri." Na je na durƙusa, na ce, "Gwaggo, don Allah ki ara mini shi." Ta ce, "Au, ashe kina magana?"

Na kife tire a gabansu, na jera kofi biyu, na fara gada. Gumi ya hana yatsuna kamawa, ta zube. Na sake, wani yaro ya gifta a guje, ta kuma zubewa. Sai na ji Hajja Kaka, wadda kwana uku ba a ji muryarta ba, ta ce, "Ku daina fifita, kuna ɓata mata. Shi ma haka ya hana ni shara shekara uku." Aka ajiye mafitai. Gadar da na haɗa karkatacciya ce, da kana nan da ka ce ko kiyashi ba zai yarda ya hau ba, amma ta tsaya. Hajja ta ce, "To ga dubar, kowa ta gani. Bilqis, kwashe ki kai ɗakinku." Na kwashe sulallan na mayar cikin gwangwanin.

Na san akwai waɗanda ba sa wurin, kuma za su ci gaba da faɗa. Su sani gwangwanin yana hannuna, kuma a zaure nake ginawa yanzu, ƙofa a buɗe, ko da iska za ta rusa mini sau goma. Duk mai shakka ya shigo ya zauna. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya nemi gafarar Allah, domin kai ba ka nan balle ka yafe da dariya kamar yadda ka saba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Kaka, da mahaifina Jalaluddeen da 'yan uwansa, har da Gwaggo Saude, don na ga kukan da ta yi maka. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Baba Kura, Ya yalwata kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya wanke ka a gabanSa daga abin da ba ka aikata ba. Amin.