Kunnen Baba Ƙas-ƙas

A garejin da ke bayan tashar mota babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Ƙas-ƙas ake ce masa, saboda ƙarar da ɗan maɓallin kan shokozobar motarsa yake yi idan an murɗa shi. Bakanike ne tun yana saurayi, kuma aikinsa ƙasan mota ne: sifirin, shokozoba, duk abin da ke hana gargada isa ƙugun mutum. Mota ɗaya ya taɓa mallaka, wata 'yar ja, ya sa mata shokozoba irin wadda ake saitawa. Ranakun aiki yakan sassauta ta, ta yi laushi, ya kai matarsa kasuwa. Ranar Asabar ya ɗaure ta ta yi tauri, ya tafi filin tsere na bayan gari, inda ake barin kowa ya gwada motarsa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ka murɗa maɓallin har ƙarshe, sannan ka dawo baya kana ƙirga ƙas, ƙas, tayar hagu daidai da ta dama. Da kunne yake yi, don yatsunsa sun daɗe da yin kanta, ba sa jin komai.

To, shekarun guduma da ƙarar inji ba sa wucewa haka nan.

A bana motar ta fara juya masa baya a kwana, tana faɗawa cikin tsakuwa. Da abin ya maimaitu, mai kula da filin, wanda suka tsufa tare, ya ja shi gefe.

"Ƙas-ƙas, ka sake yi min haka, ka gama shiga filin nan. Akwai 'ya'yan mutane a bayanka."

"Tayar ce."

"Wancan karon ma tayar ce. Kai da kake gyara wa gari mota?"

Ya koma ya canja taya. Ya kwance sifirin, ya duba, ya mayar. Ya tsine wa masu ƙera kayan zamani. Ana gobe Asabar da la'asar, ga shi a ƙofar gida, ya cusa kai cikin bonet, kunnensa dab da maɓallin, yana murɗawa yana tsaki.

"Ku kashe rediyon nan mana!"

"Wane rediyo, Baban yara?" in ji matarsa, tana ninke kayan wanki a kan benci. "Kuma ka wuce na wancan gefen da ƙas uku, kana ta tafiya."

Ya ɗago a hankali.

"Daga can kike ji?"

"Har kajin maƙwabta suna ji. Ni da kullum sai muryata ta dishe kafin ka amsa kiran abinci, na ɗauka raini ne."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, ko da yake hannun ba shi da datti.

"Zo ki riƙe min fitila."

"Da rana?"

Ta zo dai, ba fitilar. Shi yana murɗawa, ita tana ƙirgawa, taya bayan taya, har na baya da sai an shiga but ɗin motar. Washegari motar ta rungumi kwanar nan lafiya lau.

"Ashe da gaske tayar ce," in ji mai kula da filin.

Baba Ƙas-ƙas ko murmushi bai yi ba.

Tun daga nan maɓallin ya samu mai shi. Saitin Asabar takan ƙirga masa tsakani da Allah. Na ranakun kasuwa kuwa, ita ke cewa ya isa.

"Ƙara sassautawa, bayana ba ƙarfe ba ne."

"Motar fa za ta riƙa rangaji kamar kwalekwale."

"To ƙirga da kanka."

Sai ya ƙara, yana ƙunƙuni.

Asabar ɗin da ta wuce, ƙanwar matarsa ta zo da sassafe ta ɗauke ta zuwa dubiya, suka ce yanzun nan za su dawo. Ya buɗe bonet, ya taɓa maɓallin, ya janye hannu. Ya zauna kan benci, hular kwano a gwiwa, har inuwar gidan ta janye ta bar shi a rana. Wani abokin aikinsa ya zo wucewa a babur, ya tsaya.

"Baba, ba ka tafi fili ba? Ko motar ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau," ya ce, idonsa na kan hanya.