Buhun Albasar Jandutsi

Buhun albasa guda ya raba ni da aikin koyarwa a jami'a, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kafin dariya ta zo.

Akwai wani dattijo a Jandutsi, aminin mahaifina. Tun ina yaro, duk shekara in an cire albasa sai ya kawo buhu gidanmu a Jega. Mahaifina ya rasu, bai fasa ba. Shekarar da jikarsa ta shigo ajina, ya zo gida bai same ni ba, sai ya shiga mota ya bi ni har ofis. A gaban jama'a ya sa aka sauke buhun, yana ta sa mini albarka da babbar murya. Yarinyar kuwa kanta na ja, ta ci jarrabawa da kyau.

Ba a rufa wata biyu ba aka ce na karɓi toshiya. Kwamiti ya zauna ban sani ba, sai takardar kora na gani. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Har hanyar masallaci na sauya, don kar a yi mini jaje.

Matata ce ta matsa na ga lauya. Ni ina ta rantse-rantse a kan albasa, lauyar ta katse ni.

"Malam, sun kira ka ka kare kanka?"

Na ce a'a. Ta ce to daga nan za mu fara, muka shigar da ƙara kotun ma'aikata.

Sau biyu aka cire albasa ana ɗage shari'a, kuma dattijon bai ƙara tako gidanmu ba. Yana ganin shi ya ja mini. Wannan ya fi korar ci mini rai.

Amma da aka nemi shaida, ya zo da fararen kayansa na Juma'a. Lauyan jami'a ya tambaye shi ko ya san jikarsa tana ajina.

"Ni ban san aji ba," in ji shi. "Tun ubanai na da rai nika kai albasa gidansu. Sa'adda anka haihe shi ma ni na kai wadda anka yi miyar suna."

Alƙali ya sunkuyar da kai yana murmushi. Daga baya ya soke korar, saboda an yanke mini hukunci ba a saurare ni ba, ya ce a mayar da ni bakin aiki.

Da albasa ta sake fitowa, wata safiya na leƙa waje na gan shi tsaye nesa da ƙofa, buhu a kan babur, ya kasa matsowa.

"Ɗana, in aje ko in koma da ita?"

Na je na kama kunnen buhun, na ce, "Baba, kama can mu shiga."