Maɓallin Taimako na Alƙasum Mai Fenti

Duk wanda ya daɗe a Tawa ya taɓa karanta rubutun Alƙasum, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ya rubuta allunan rabin shagunan bakin kasuwa, shi ya zana zakuna a bayan manyan motocin da ke hawa Adar. Da injin buga alluna ya kashe masa kasuwa, bai zauna zaman makoki ba. Ya sayi tsohon odinata, wato kwamfuta, yana da shekara arba'in da biyar, ya koyi tsara shafukan manhaja da yatsu biyu.

Hajiya Zalika mai motocin dakon dabbobi ce ta ɗauke shi aiki. So take dillalan ƙauye su buɗe waya su ga wace mota ke tafe, raguna nawa za ta ɗauka, da sauran wurin raƙumi ko babu. Alƙasum ya tsara mata shafin farko da allon bayanai yadda hannunsa ya saba: baƙaƙen haruffa ɓaro-ɓaro a kan ruwan ɗorawa, ga hoton rago, ga na raƙumi. Kyau kam babu, gaskiya, amma daga nesa ma ana karantawa.

Ana cikin haka sai ga Sadisu, ɗan ƙanen Hajiya, ya dawo daga karatu a Yamai, yana tafiya kamar ƙasa za ta ɓata masa takalmi. A biro, ofishin Hajiya, gaban direbobi, ya ɗaga wayar sama.

"Gwaggo, wanga ai allon mai tsire na! Ku bar tsoho shi koma ga gwangwanin hwenti nai."

Direbobi suka bushe da dariya, har da waɗanda Alƙasum ya yi wa zanen mota kyauta. Aka karɓe aikin aka ba Sadisu, shi kuma aka bar shi da buga takardu. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ƙudurta sai ya karɓo aikinsa, kuma sai yaron nan ya ɗanɗani dariyar jama'a.

Sadisu ya yi nasa tsarin a ɗaki mai sanyi da labule: siraran haruffa ruwan toka a kan fari, tsaf-tsaf. Kallo ɗaya Alƙasum ya yi masa ya gane inda zai faɗi, don shekara ashirin ya yi yana tsallaka titi da rana tsaka ya duba ko allo na karantuwa. Maimakon ya faɗa, yabawa ma ya yi. Da Hajiya ta tambayi lokacin da ya dace a nuna wa dillalan Takanamat, shi ya ba da shawara: ranar kasuwa, gab da azahar, a tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, inda kowa ke nan. Bai ambaci cewa ko itace ɗaya mai inuwa babu a wurin ba.

Ranar, Sadisu ya miƙa wa Ciɗo, shugaban dillalai, wayar. Dattijon ya juya ta, ya matso da ita, ya nesanta.

"Yaro, wayag ga taka a kashe take."

A kunne take, rana ce ta shanye rubutun. Sadisu ya kare da tafin hannu, ya juya baya, ya ƙara haske har ƙarshe, a banza. Da ya rasa dabara sai ya jawo babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da wayar, ya yi kira daga ciki: "Baba, shigo ka gani!"

"Ni? In shiga rigarka da rawanina?" in ji Ciɗo.

Kara ta ɗauka da shewa. Alƙasum na jingine da mota, daɗi kamar ya kashe shi, bai kuma ɓoye ba.

A hanyar komawa Hajiya ta dube shi. "Malam Alƙasum, ka san hakan ga za ta faru?"

"Na sani, Hajiya."

Sati biyu ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska, amma motoci ba sa tafiya sai da dillalai, dole ta mayar masa da aikin. Ya dawo da baƙi da ruwan ɗorawarsa, ya ƙara abu ɗaya. A ƙasan kowane shafi ya sa maɓallin neman taimako, ya zana masa ɗan mutum da ya lulluɓe kai da riga. Daga Takanamat har Tebaram babu dillalin da ya buƙaci bayani. Duk wanda ya danna shi kuwa, wayar Sadisu ce ke ƙara, shi ne kuma zai amsa.