Baba Lawali Da Yaran Lakwal Na Tsibiri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1957, bayan la'asar, labari ya iso Tsibiri cewa Maman Lawali, direban motar gyaɗa, ya rasu a gidansa na Sabon Garin Maradi bayan zazzaɓi.

Baba, ba wanda ya ɗora maka ɗaukar yaran lakwal, 'yan makarantar boko. Ka gan su suna takawa zuwa Maradi cikin rairayi, ka tsaya, kuma tun daga ranar kake tsayawa. Ƙanwata Tsahara da nake riƙo tana cikinsu.

Yaranmu da jakai suka saba, suna dira daga mota tun ba ta tsaya ba. Kai ka hana. Sai ka kashe inji, ka cusa katako ƙarƙashin taya, sannan ka sauke su ɗaya ɗaya da hannunka. Wanda ya zagaya ta baya ka kama kunnensa: "Kuna tsoron bayan jaki, ba ku tsoron bayan mota? Ku bi ta gaba, inda nike ganinku." Da Gado, ɗaya daga cikin yaran, ya shiga ƙarƙashin mota neman allonsa, Allah ya sa ka leƙa. Tun daga nan ba ka tayar da mota sai ka durƙusa ka duba, har abokanka direbobi suna cewa Lawali yana gaida motarsa.

Kai kake kawo mini littattafan hikaya daga Katsina, kana cewa, "Ɗiyata, kada dai tuwo ya ƙone." Jarumansu da takobi suke ceto, nakan daɗe ina mafarkinsu, ban lura da kai ba.

Da aka yi jana'iza, maigidana ya ce Tsahara ta bar lakwal, don kai kaɗai ya amince wa. Ta yini kuka. Jiya da safe ya ɗauki sandarsa ya ce mata, "Taho mu ga sabon direban." Jibo ne sunansa. Maigidana bai dogara da shi ba, shi da kansa ya hau da yaran, ya sauke su a ƙofar lakwal. Yau uban Gado ne ya raka su, gobe wani.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sauke ka cikin rahama. Inna Baraka, matarsa, da ɗansa Abdu da ƙannensa, Allah ya ba ku haƙuri. Tsahara ta tafi lakwal.