Mota Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Bubpha Kaeomani shekararta hamsin da bakwai, dillaliyar motocin tsere ce a bayan garin Chonburi, kuma ita kaɗai ce mace a layin masu wannan sana'a. Ba ta taɓa aure ba. Garejin na ubansu ne tun yana gyaran manyan motocin jigilar rake. Da ya rasu ta gaje shi, ta ga rake ba ya riƙe gida, ta koma hulɗa da 'yan tsere.

Sana'ar ba ta da wuyar ganewa. Mutum zai sayi motar gayu mai ƙofa biyu, ya yi ta yawo da ita a gari, sai filin tsere ya ɗauke masa hankali. Ya kawo ta a fige ta: a cire kujerun baya da na'urar sanyi da rediyo da kafet, har da yadin rufi inda malamin haikali ya ɗiɗɗiga farar ƙasa ranar da aka sa wa motar albarka. A gina mata kejin ƙarfe daga ciki a yi walda, a kafa kujera ɗaya tal mai ɗamara. Daga ranar motar ta yi sallama da titi. In matarsa ta gaji ko aljihunsa ya gaji, sai ya dawo wa Bubpha da ita ta nemo mai saye. Abin da aka san ta da shi ɗaya ne: takan faɗa wa mai saye duk inda mota ta taɓa bugawa, ko da mai motar yana tsaye yana ƙifta mata ido.

Ƙanenta Prayong mai shagon taya ne, kuma a hannunta ya sayi tasa, wata fara ƙirar Japan. Shi ya fige ta da kansa, a hankali, duk abin da ya samu a shago yana zuba mata. Lambar tseren da ke jikin ƙofarta, arba'in da bakwai, ba zaɓarta ya yi ba. Ita ya tarar ta rage ranar da ya je rajista.

A ranin da ya wuce, wata Asabar da rana, motar ta ƙwace masa a kwana ta daki shingen tayoyi da gefen direba. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Wani ɗan kallo ya ɗauki abin a waya, kafin yamma ya zagaye gari, lambar tana nan ɓaro-ɓaro a jikin ƙofar da ta lotse.

Tun a zaman makoki a haikali Bubpha ta ga alama. Wata maƙwabciya ta zo yi mata ta'aziyya, ta riƙe mata hannu, sannan ta rage murya ta tambaye ta shekarun mamacin nawa daidai. Lambar caca take nema. Da aka buɗe cacar gwamnati a tsakiyar wata, lambobi biyu na ƙarshe suka fito huɗu da bakwai.

Washegari ta zo buɗe gareji, inda aka ajiye motar, ta tarar da mutane a bakin ƙofa. Sun jera jan lemon kwalba da tsinken zuƙa a ciki, irin wanda ake ajiye wa fatalwa, sun rataya furanni a jikin kwaɗon ƙofar. Ta rufe motar da tamfol, suka riƙa ɗaga shi. Wata tsohuwa ta silale ciki da gwangwanin hoda, ta barbaɗa wa ƙofar, tana murzawa da babban yatsa ko wata sabuwar lamba za ta bayyana a cikin fenti. Daidai inda kafaɗar Prayong ta bugu take murzawa. Bubpha ta fitar da ita da tsintsiya.

Motar dai ba tata ba ce. Ta Lamduan ce yanzu, matar marigayin, mai 'ya'ya mata biyu a makaranta, kuma ita ta ce a sayar. Bubpha ta so motar ta koma fili, a miƙe mata jiki a sake fenti a ba ta wata lamba, ta ci gaba da abin da ƙanenta ya gina ta dominsa. Ta kira duk wani ɗan tsere da ta sani. Kowa ya yi mata ta'aziyya mai kyau, kowa ya zame. Ɗan tsere ba ya hawa motar da wani ya mutu a ciki. Wani likitan haƙori da ya daɗe yana naci a kan wannan injin tun Prayong na raye ya ce ko kusa ɗaya daga jikinta ba zai sa a tasa ba.

Wanda ya zo da kuɗi Thawat ne, mai wata kasuwar bakin titi a hanyar Rayong, inda masu sayar da tikitin caca suka fi masu sayar da abinci yawa. Ya shigo da layunsa na zinare a wuya, ya zagaya motar, ya taya fiye da abin da za ta yi tana lafiya lau. Sharaɗinsa shi ne kada a gyara komai, ko wanka kada a yi mata. Rumfa zai kafa mata a tsakiyar kasuwa. Ya zura kai ta taga ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wani tabo a jikin ɗamarar kujera.

"Yaya Bubpha, wannan nasa ne?"

"Kai Thawat, da uwarka ce ta faɗo daga keke ta mutu, keken ma rumfa za ka kafa masa."

"In lambarta ta fito, me zai hana?" in ji shi, yana dariya. Ya ajiye mata ledar ɗanyen mangwaro a kan tebur, ya ce ta yi shawara.

Ta tafi wurin Lamduan tana tafasa, ta same ta a shagon taya tana cin shinkafa da kaza a cikin takarda. Ta kwashe duka ta faɗa mata, har da maganar tabon, tana jiran ta ga matar ta ture abincin. Lamduan ta gama tauna lomarta tukuna.

"Ni ma na sayi tikitin lambar, Yaya. Ranar da aka ƙone gawarsa na saya, kuma na ci. Da shi na biya wa yara makaranta." Ta goge baki. "Tun da motar nan ta shigo gidana take cin abincin 'ya'yana. Sai yanzu ta fara mayarwa. Ke ƙanenki kike gani a ciki, ni kuwa na san abin da ta ci. Ki sayar masa."

Bubpha ta fi kowa sanin abin da motar ta ci, a wurinta aka sayi rabin kayan. Ta ƙulla cinikin. Abin da ta iya kawai shi ne ta ware inji da kujera. Thawat bai damu da inji ba, ba wanda zai shafa wa inji hoda. A kan kujerar ya yi ta ja, har ya ƙara kuɗi, ta ce ko a bar mata ita ko a fasa. Ba ta karɓi la'ada ba. Ita da kanta ta ɗaure gangar motar a bayan akori-kura, amma ta ƙi bin ta.

Injin kuwa ta samo masa mai saye a bakin kogin Bang Pakong, wani dattijo mai suna Sanit da ke ɗora injin mota a kan dogon kwalekwale yana tseren ruwa. Ba abokin 'yan fili ba ne, bai san komai ba, kuma da ta yi shiru da shi ke nan. Amma ba ta taɓa sayar da ƙarfe ba tare da faɗin tarihinsa ba, ta faɗa masa. Dattijon ya ce ba ruwan fatalwa da inji, ruwan kogi yana wanke komai, kuma maganar ba za ta wuce bakinsa ba. Ta ji sanyi a ranta. Ko ba komai, wani abu na Prayong zai ci gaba da gudu.

Da lokacin tseren ruwa ya zo bayan damina, ta rufe gareji ta tafi. Tun daga nesa ta gane ƙarar injin a cikin sauran. Da ta sauko bakin ruwa sai ta tarar da cincirindo a kan kwalekwale ɗaya. An rubuta masa arba'in da bakwai da jan fenti gefe da gefe, an manna hoton Prayong a jikin tankin mai, masu tikiti sun jera allunansu a gaɓa. Sanit ya hango ta ya haɗa hannu ya gaishe ta da fara'a, yana nuna wa jama'a cewa ga yayar mamacin nan ta zo. Wata mata ta matso ta tambaye ta ranar haihuwarta. Ba ta tsaya ganin tseren ba.

Thawat ya sake aiko mata sau biyu a kan kujerar, na biyun ta bakin Lamduan. Ranar Talatar da ta wuce Bubpha ta sauko da ita daga saman kantar gareji, ta kwance ɗamarar da yadin ta ƙone su a cikin durom a bayan gareji. Gangar kujerar ta yanka ta gunduwa-gunduwa da injin yankan ƙarfe, ta cuɗa da sharar layin, ta tsaya a bakin titi har motar shara ta kwashe ta wuce.