Na Raka 'Yata Jalingo Duba Lissafi

Gari bai gama wayewa ba muka bar Wukari, ni da 'yata, ta rungume jakar takardunta. Shekara uku tana aikin digirinta a kan lissafi, saura wata guda ta miƙa. Ta dage sai wani tsohon malami mai ritaya a Jalingo ya duba mata tukuna.

Hanya kam ba a magana, rami na bin rami. A Mutum Biyu muka ci soyayyar doya da kifi, barkonon ya sa ni hawaye. Nan na ce ta faɗa mini aikin nan da Hausa. Ta ce lissafi ne na narkakken ƙarfe idan yana gudana maganaɗisu na jan sa. Tambayar ita ce: lissafin zai yi ta ba da amsa, ko wata rana lambobin za su haura ba iyaka ya watse? Ita ta nuna ba zai watse ba. Ikon Allah! Ni mai walda ne, na sha ganin wuta tana karkacewa a kan ƙarfe mai maganaɗisu, ban san ana karatunsa ba.

Da hantsi ɗan Keke ya sauke mu a unguwar Yelwa, ƙofar gidan malamin. Ashe tsohon idonsa ya mutu. Ya sa aka kawo mana kunun gyaɗa, ya ce ta karanta masa da baki. Ta yi ta karantawa, yana kaɗa ƙafa. A shafi na bakwai ƙafar ta tsaya.

"'Yata, wa ya ce miki juyin narkakken ƙarfen ba ya wuce iyaka?"

"Na ɗauka haka ne, Baba."

"To ai shi kike son tabbatarwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da ya ji ni mai walda ne, sai ya juyo wajena ya tambaye ni me nake yi idan wuta ta fara hauka. Na ce rage ta nake yi. Ya yi dariya, ya ce haka lissafinta yake: idan motsin ya fara da kaɗan, hujjarta ta tsaya daram. Sai dai sakamakon zai ragu ya zama ƙarami, kuma gyaran zai ci wata shida.

A motar dawowa na kasa haƙuri. Na ce mata malamanta ba su ga kuskuren ba, tsohon kuma ba zai faɗa wa kowa ba, ta miƙa abinta haka nan.

Ta dube ni ta ce, "Baba, kai kana shafa fenti a kan waldar da ta tsage ka ba mai ita?"

Na kuwa taɓa yi. Mun iso gida da la'asar, ko ruwa ba ta sha ba ta kira malaminta ta gaya masa. Na je in ga yadda lissafi ke watsewa, na dawo ina jin kunyar 'yar da na haifa.