Malama Falmata da Na'urorin Bakin Jakara

Duk ranar aiki, kafin rana ta yi zafi, Malama Falmata Kolo takan fito daga gidanta da ke kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, ta tare Adaidaita Sahu. Direbobin layin sun san ta da jakarta mai nauyi, cike da wayoyi da batura da wasu 'yan na'urori da ba su fi akwatin ashana girma ba. Takan riga ɗalibanta shiga ɗakin gwaje-gwaje na kwalejin fasahar da take koyarwa, ta bi teburi-teburi tana duba abin da suka haɗa jiya. Wanda ya yi aikin gaggawa zai tarar ta zare masa waya ɗaya, sai ya nemo inda matsalar take da kansa.

A ƙarshen wannan zangon za ta yi ritaya. Ya kamata a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta.

'Yar gidan malamai ce, kakanninta daga Borno suka zo da allunansu suka zauna a cikin birni. Da haɗa rediyo da gyaran talabijin ta fara koyarwa. Lokacin da aka shigo zamanin na'urori masu magana da juna ta intanet, furfura ta riga ta fara fito mata. Wasu tsararrakinta suka ce wannan ilimin yara ne. Ita kuwa ta zauna ta koya, har a wurin tsofaffin ɗalibanta, ba ta ji kunya ba. Daga nan ta shiga koya wa masu karatun injiniya yadda ake tsara su: wannan ta auna ruwa, waccan ta shaƙi hayaƙi, kowace ta miƙa wa 'yar'uwarta saƙo har ya isa wayar mutum.

Ɗalibi ya kawo mata zane mai kyau, ba ta yabo da wuri. Sai ta ce, "In an ɗauke wuta fa? In sabis ya yanke?" Kuma ba ta yarda a ƙare a kan allo. Takan kwashe su zuwa lungunan cikin gari, su ga yadda katangar ƙasa mai kauri take haɗiye saƙon da ya yi ta tafiya lafiya lau a cikin aji.

A haka wata shekara ta bai wa 'yan ajin ƙarshe aikin rafin Jakara. Duk damina, idan ruwa ya cika rafin, sai ya haura ya shiga shaguna da gidajen da ke bakinsa. Suka jera na'urori a ƙarƙashin gadoji, kowace da ɗan farantin sola, don in ruwa ya taso saƙo ya shiga wayoyin mutane, lasifika kuma ta yi ƙara. Khalifa ne shugaban aikin, saurayi mai kaifin kai, ɗan gidan 'yan kasuwa a unguwar.

Ba a daɗe da kafa su ba, wata rana da azahar, lasifika ta ɗauka. Unguwa ta rikice. Aka ciccibo Inna 'Yardada, wata tsohuwa da ba ta iya tafiya, aka fito da ita kan titi a tabarma. Tanko baduku ya kwashe fatunsa kaf, yana haki. Aka jira, aka jira, ko ɗigo bai sauko ba. Ashe wata tsohuwar katifa ce da aka yar ta maƙale a ƙarƙashin gada, na'urar ta ɗauka ruwa ne ya taso.

Mai unguwa ya kira zama a zaurensa. Tanko ya miƙe yana huci.

"Malama, wa ya yi mana wannan wasan? A nuna mana shi!"

Khalifa na rakuɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Malama Falmata ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ni na duba aikin na ce a kafa, Malam Tanko. In kamu ne, ni za ku kama. Ku yi haƙuri, mun wahalar da ku. Alfarmar da nake nema, a bar mana su zuwa ƙarshen damina."

Da ƙyar aka yarda.

Washegari a aji ta ce, "Khalifa, alƙali yana yanke hukunci da shaida ɗaya?"

"A'a, Malama."

"To don me muka bar na'ura ɗaya ta tayar da unguwa guda? Ni ma na duba ban gani ba. Ku sake tsari."

Suka sake. Yanzu babu ƙarar da za ta tashi sai na'urorin da ke maƙwabtaka sun tabbatar wa juna cewa ruwa ne.

Cikin watan Agusta, wata rana bayan la'asar, ana ɗan yayyafi a Jakara, ashe can saman rafin ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Lasifika ta sake ɗauka. Yawancin mutane suka kwashe, ana gunaguni. Aka fito da Inna 'Yardada. Kafin magariba ruwa ya kawo gwiwa, bangon ɗakinta ya zube a kan gadon da take kwanciya. Tanko kuwa cewa ya yi an yi da shi sau ɗaya, ba za a kuma ba. Ya kulle shagonsa ya tafi. Fatun da ya rina, da takalman mutane da ya kusa gamawa, duk suka jiƙe suka lalace.

Ɗalibai suka shigo aji da murna, suna ta tafawa. Malama ta bari suka lafa.

"Alhamdu lillahi da Inna ta tsira. Amma ku je ku ga shagon Malam Tanko. Na'urarmu ta faɗi gaskiya, sai dai mu ne muka koya masa kada ya yarda da ita."

Ranar ba a yi lacca ba. Ta tasa su gaba da tsintsiya da bokiti, ita ma ta ɗaure mayafinta a ƙugu, suka yi ta kwasar taɓo. Da suka gama, Tanko ya duba shagonsa. Sannan ya nuna gada da haɓa.

"Wancan farantin, tantabaru sun ɓata shi. Ku bar mini, ni zan riƙa gogewa."

Har yau shi yake gogewa.

Malama, ke ce kika tsaya a gaban ɗalibinki ranar da unguwa take neman kansa. Ke ce kika koya musu cewa a ƙarshen kowace waya akwai mutum, da dukiyarsa da tsohuwarsa. Ba a taɓa kiran ki taro an ba ki lambar yabo ba, ba a ji ki a rediyo ba. Amma Khalifa yana can kasuwar Dawanau yana sa wa rumbunan hatsi na'urar da ke faɗar danshi kafin ƙwaya ta ruɓe. Hafsa, wadda ta shigo ajinki tana tsoron taɓa batir, yau ita take koyar da wasu. Sannu da aiki, uwar injiniyoyi.

Mun gode, Malama Falmata. Allah Ya saka da alheri, Ya sa hutu ya karɓe ki, Ya jiƙan magabata. Ku kuma malaman da kuke tasowa, ga hanya nan an share muku. Ku fita da ɗalibanku daga aji, ku kai su inda za a yi amfani da abin da suka ƙera, su ga fuskar mutumin da zai dogara da shi.